Gaiwar da ta ƙi amsawa

Ni mahauci ne, a unguwar Pumpumre ta Garwa nake zaune, ɗaki ɗaya, ni kaɗai. Bokona bai yi nisa ba, yadda maganar ta zo bakina haka zan rubuta ta.

Ni da ƙanena Isiyaku a hannun kakarmu Dada muka tashi, a wani ƙauye gefen Poli, bakin wani tafki da ke ƙafewa duk rani. Da an yi magariba sai ta hura wuta da kara tana ƙyafe kifi, mu kuma mu tsuguna muna addu'ar ɗaya ya faɗo.

"Matso nan, maigida," take ce min. "Miji ba cefane, sai buɗe hanci. To ga ta nan, wanda ya yi gyangyaɗi ba na maimaitawa."

Tatsuniyar gaiwa ta fi yi mana, kifin nan mai kama da maciji. In tafki ya ƙafe, gaiwa takan shige laka ta naɗe, ta kwanta har damina. Matan ƙauyenmu sun san haka. Sukan tafi da fartanya da ƙwaryar ruwa, su yayyafa a busasshiyar laka, su ƙwanƙwasa da yatsu kamar yayyafi ne ya fara. Gaiwar da ta yi gurnani, nan za a tona.

Dada ta ce wasu gaiwa biyu ne suka kwanta kusa da juna, tsohuwa da budurwa. Da aka ƙwanƙwasa, budurwar ta ce, "Inna, ruwa ya zo!" Tsohuwa ta ce ta yi shiru. Ina! Sai ta ɗaga murya, "Ga ni nan!" Ranar a miyar yakuwa ta kwana. Tsohuwa kuwa ko motsi, ta ga damina.

"Kun ji dai," in ji Dada. "In aka kira ku da murya mai daɗi, ku fara tunanin fartanya."

Na riƙe wannan fiye da duk karatun da aka yi min.

Isiyaku ya yi boko, ya samu aikin biro, wato ofis, a wajen masu auduga a Kaele. Ranar auren 'yarsa na je da cinyar sa guda. Ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, ka zauna ta baya, manyan baƙi ne, kuma ka san ƙarnin nan ba ya fita." Na ajiye naman, na hau mota na dawo Garwa. Shekara bakwai ba mu yi magana ba.

Bara wayata ta yi ƙara ina cikin fiɗa, na ga sunansa. Na ce a raina wata buƙata ce ta taso, an tuna da mai ƙarni, na ƙi ɗauka. Ya kira washegari. Ya sake kira ranar Juma'a. Ina kallo har ta katse.

Kira na huɗu matarsa ce, da wata lamba. Ta ce kwanansa tara a asibiti, ba abin da yake faɗi sai a nemo masa Yaya, yana da magana. An binne shi da safe.

Ban ga laifin Dada ba. Marayu biyu take reno, tana tsoron duniya ta tono mu. Abin da ta koya min kuma ya yi aiki, shekarata hamsin da wani abu ba wanda ya taɓa yaudarata. Sai dai yanzu in na dawo daga mayanka nakan ajiye wayar kusa da tabarma, na ƙure mata ƙara. Ko lambar da ban sani ba ce, bugu ɗaya nake ɗauka. Yawanci kuskure aka yi.