Na'ura Ba Ta Gan Ni Ba

Shekarata goma sha ɗaya ina hedimasta a wata firamare kusa da Tsibiri sa'ad da takarda ta iso cewa duk wanda ba ya da digiri zai sauka daga kujera. Aka ba mu wa'adin shekara uku. Ni kuwa takardar kwalejin malamai gare ni, sai gona, sai iyali. Wa zan bar wa su in koma zaman aji da furfurata?

Ana haka sai ga mutanen wata jami'a sun diro Mafara da mota mai sanyi da ƙaton ƙyalle, an rubuta "Karatu Daga Gida". Wani mai kwat ya tsaya awa biyu yana karanto mana abin da ya kira sabon tsari. Wai an zuba dukkan darussa a intanet, kyauta, a buɗe ga kowa, manomi ma zai yi digiri a bakin gonarsa. Muka yi ta tafi, har da ni, don in faɗi gaskiya. Babu wanda ya tambaye shi ko ya taɓa neman sabis a ƙauyenmu, inda sai ka hau tudun bakin hanyar ruwa kana ɗaga waya sama kamar mai korar tsuntsu a gonar shinkafa.

Na yi rajista, na kuma samo dabarata. A kasuwar Mafara akwai wani magidanci mai rumfar cajin waya, irin masu tura wa mutane wa'azi da finafinai. Farkon kowane zango sai ya sauko mini da darussan gaba ɗaya, ya zuba a memori. In koma gida in kalla, in maimaita, in rubuta. Malaman Morai da Damri da Bakura suka ji labari, su ma suka riƙa zuwa ana kwafa musu. Kowace Talata kuma, in na shigo kasuwa, sai in buɗe shafin jami'ar in jefa wayar aljihu, malamin yana ta surutunsa ni ina cinikin taki, don dai na'urarsu ta shaida na halarci aji. Wannan shi suke kira halarta.

A zangon ƙarshe aka yanke layukan waya a yankinmu kaf saboda matsalar tsaro. Ban damu ba, domin darussan suna hannuna tun kafin a yanke. Ban taɓa karatu irin na wannan lokacin ba. Har uwargida ta haddace muryar malamin tsarin koyarwa, tana kwaikwayonsa in tana tankaɗe.

Ranar jarrabawa na isa jami'a da sammako. Na bi jerin sunayen da aka liƙa a ƙofar zaure sau uku, babu nawa. Aka nuna mini ofishin karatu daga gida. Ina shiga sai ga mai kwat ɗin nan. Muka gaisa, na tambayi aiki, na tambayi iyali, na tambayi gajiya, shi kuwa idonsa na kan kwamfuta.

Ya ce, "Malam, na'ura ta nuna ba ka halarci darasi ko ɗaya ba a zangon nan."

Na ce, "Ranka shi daɗe, ai yanke muna sabis anka yi."

"Mun sani. Shi ya sa muka fitar da fom na musamman ga ɗaliban da ba su da sabis."

"To ina fom ɗin?"

"Yana shafinmu na intanet. An rufe cikewa makon jiya."

Kai jama'a! Na dube shi ko zai ji abin da ya fito daga bakinsa. Ko gezau. Na ciro memorin na ajiye masa a kan tebur, na ce ga darussansu nan duka, ya zaɓi wanda ya ga dama ya tambaye ni a tsaye. Ya ce wannan ba ya cikin tsari, sai dai in dawo baɗi. Na ce wa'adina watan gobe zai cika. Ya ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri. Raina ya ɓaci.

Na miƙa hannu zan ɗauki abina sai ya dafe shi da yatsa. Ya sassauta murya. Wai dukkansu ne a ciki? Ashe tun da suka yi wa shafin gyara rabin darussan suka ɓace, ɗalibai sun dame shi, shi kansa ba ya da kwafi. Ko zan taimaka ya kwafa?

Na ba shi. Har yau ina jin haushin kaina, amma na tuna da malaman da ke bayana. Ina tsaye ina jiran ya gama na jiyo ta taga mai tsaron jarrabawa yana cewa, "Ku fara."

Yanzu aji huɗu nake koyarwa a makarantar da na riƙe. Sabon hedimastan ni na koya masa riƙe fensir, yaro ne mai ladabi, in na shiga ofis sai ya miƙe ya ce, "Baba, zauna nan," yana nuna mini kujerar. Ni kuwa sai in sa hannu a littafin zuwa aiki in fita.