Yadda Kawuna Ke Gwada Wutar Mota

Jiya wata mota ta ƙi tashi a ƙofar gidana a Sabon Gari. Tana ta tari, kar-kar-kar, sai na ji hannuna na dama ya dunƙule da kansa. Ni da ƙwaƙwalwata ta ƙi ɗaukar karatun boko a lakol, ashe hannuna bai manta nasa karatun ba.

A hannun kawuna na tashi. Shi ne direban wani Alhaji mai fataucin kaya nan Maradi, kuma a ɗakin zauren gidan muke kwana. Alhajin yana da tsohuwar kat-kat, irin motar nan mai shiga yashi da laka, wadda da ita ake zuwa gonarsa ta Jiratawa. Da rani lafiya lau take. Amma damina na sauka, ƙasa ta jiƙe, sai ta riƙa yin gardama kowace safiya.

Kawu yana cewa abu uku mota ke ci: mai, wuta da iska. Na biyun farko ni ne abin gwajinsa. In zai duba mai, sai ya cire tiyo ya sa mini a baki in zuƙa. In na tofar ina tari, to esansi, wato fetur, na zuwa. In zai duba wuta, sai ya zare wayar buji, wato fulogi, ya damƙa mini, ina tsaye ba takalmi a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya murza makulli. In na yi tsalle na kurma ihu, ya ce, "Madalla, akwai wuta." Yaran gidan har jeruwa suke yi a dakali don kallo, iyayensu mata na leƙe ta bayan labule. Ba wanda ya taɓa cewa a bari. Iska kuwa bai cika dubawa ba, ina jin don ba ta da hanyar sa yaro kuka.

Wata safiya aka yi wa Alhaji rasuwa a Tibiri, ƙanen mahaifinsa ne, kuma da hantsi za a kai shi. Mota ta ce ba ta san zancen ba. Alhaji ya leƙo ya ce, "Direba, in aka rufe shi ban je ba, ka ajiye mini makullina."

Ranar kuwa ina sanye da takalmin farko a rayuwata, na tayar mota, wanda uwargidan Alhaji ta ba ni. Ko barci da shi nake yi. Na zuƙi tiyo, mai ya zo. Kawu ya ba ni waya ya murza. Na ji ɗan tsiri-tsiri kamar cizon kiyashi, shi ke nan. Ni da shi ba wanda ya san roba na tare wuta.

"Kai, ja'iri, ba ka ji komai ba?"

"Kaɗan, Kawu."

"To wuta ta mutu."

Ya shiga kwance wayoyi yana goga, gumi na ɗiga a injin. Rana na ta hawa. Can Alhaji ya fito, ya yi alwala ke nan saboda sallar gawa, ƙafarsa jiƙe, ko takalmi bai tsaya sawa ba.

"Wai me ya hana ta?"

"Ranka ya daɗe, ba wuta. Ga yaro nan, ko motsi bai yi ba."

"Kawo in gani. Murza!"

Ya riƙe waya da hannu ɗaya, ɗayan ya dafa ƙarfen mota. Kawu ya murza. Wallahi ban taɓa sanin babban mutum na iya tashi sama haka ba. Ya yi wata ƙara irin ta ɗan akuya, ya faɗi zaune cikin kwata, hula ta yi nata waje. Yaran dakali suka fashe da dariya, suka tuna uban wa ke ƙasa, suka watse.

Alhaji bai yi zagi ba. Ya miƙe ya ce, "Makulli. Da rigar." Rigar kakin da ke jikin Kawu ta gidan ce. A bainar jama'a ya tuɓe ta, ya tsaya da singileti mai huji, mutumin da furfura ta fara fito masa. Alhaji ya hau bayan babur ɗin maƙwabci, ya tarar har an dawo daga maƙabarta.

Da yamma wani makanike ya buɗe matatar iska, ya samu zanzaro ya gina gidan laka ya toshe bakinta. Ya ƙwaƙule da tsinke, murzawa ɗaya ta tashi. Shi ya kuma gaya wa Kawu zancen roba. Kawu ya zaunar da ni, ya sa wuƙa ya yanka takalmin ƙanana-ƙanana, sannan ya dake ni da abin da ya rage.

Labari ya zaga gari, ba wanda ya sake ba shi tuƙi. Muka koma Jiratawa, ya ƙare rayuwarsa yana ban-ruwan albasar wasu.

Yanzu motoci sun canza. Makanike ya jona ɗan akwati, allo ya faɗa masa ciwon, ba a taɓa ɗan kowa. Masu motocin ne ban ga sun canza ba. Ranar da Kawu ya rasu, 'ya'yan Alhaji sun zo gaisuwa a sabuwar kat-kat mai tashi da danna maɓalli. Ba su fito ba, gilashi suka sauke suka ce Allah ya jiƙansa. Injin na kunne saboda na'urar sanyaya cikin motar, har sai da liman ya ɗaga murya kafin muka ji addu'a.