Injin Da Ya Ƙi Mutuwa A Kabara

Da inji kaɗai na dawo daga tafkin Chadi. Ranar da gari ya watse na bar jirgi, na bar raga, na bar ɗaki da abin da ke ciki. Injin kawai na kwance daga jirgin, na yanke wayoyinsa da wuƙa, na ja shi zuwa amalanke. Makunnin yana jikin jirgin, can ya zauna da makullinsa. Ban waiwaya ba.

Na kawo shi gidanmu na gado a Kabara, inda yayata take zaune tun rasuwar mijinta. Muka jingina shi a zaure, ta rufe shi da tsohuwar tabarma. Shekara bakwai yana nan. Kaza ta yi ƙwai a gindinsa har sau uku. Ni kuma na kama dako a Ƙofar Ruwa, wajen masu kayan gyaran mota. Mutanen kasuwa suka sa min Sarkin Ruwa. Ba na amsawa, ba na fushi.

Wata rana na ɗauko wa wani mutumin Tiga kaya. Yana da jirgi a madatsar ruwan can, yana ƙetarar da mutane ranar kasuwa, amma injinsa ya fashe. Na ce ina da inji. Ya dube ni, ya dubi gammon da ke kaina. Ya ce in kawo ranar Lahadi, in ya tashi ni zan riƙa tuƙi. In ban zo ba akwai wani. Ranar Laraba ce.

Abin da na sani na yi. Na wanke kafireto, na sa sababbin fulogi, na canza robar da ke jan ruwa. Saura waya. Ban san waya ba. Sai na je wajen wani mai wayarin da nake yi wa dako, mutum mai surutu da hannu mai kyau. Shekara talatin yana gyaran wutar mota, bai taɓa shiga jirgin ruwa ba.

Ya ce, "Sarkin Ruwa, inji ai inji ne. Wanda ya yi tirela zai tsaya tsoron abin kamun kifi?"

Ranar Asabar da hantsi ya zo da batir da makunnin mota sabo fil a kwali. Muka gindaya katako a ƙofar gida, muka rataya injin, ƙafarsa a cikin duro. Injin jirgi ba ya aiki a bushe, ruwa yake sha ya huce. In babu ruwa minti kaɗan ya ƙone. Mai garuwa ya juye kura guda kafin duron ya cika. Yaya ta leƙo.

"Auta, ruwan da zan yi wanki kwana uku ka ba wa ƙarfe?"

Gemuna ya yi fari, har yau Auta take ce min.

Wayoyin duk sun koɗe, launinsu ya zama ɗaya. Mai wayarin ya tambayi takardar injin. Na ce babu, ko da akwai ma ba zan karanta ba. Amma tun a tafki na ɗaure kowace da zaren raga. Mai ƙulli ɗaya ta batir ce. Mai ƙulli uku ta sitata, wadda ke tayar da inji. Sai guda biyu masu ƙulli bibbiyu. Makanikin da ke duba mana injuna a can ya taɓa riƙe kunnena a kansu, ya ce kada wutar batir ta taɓa su har abada.

Mai wayarin ya ce, "To inji da ba a ba shi wuta ba, da me zai tashi? Da addu'a?" Ya kama ɗaya zai ɗaura a makunnin.

Na riƙe hannunsa. "Wannan kam a'a."

"Malam, sana'ata ce fa."

"Injina ne."

Ya yi tsaki, ya bar su suna reto. Ya ɗaura ta batir, ya ɗaura ta sitata, ya naɗe da salatif. Ya ce in murɗa in ga ƙaryata.

Na matsa tiyon mai har ya yi tauri. Na yi bisimilla na murɗa. Ya yi tari. Na sake. A na uku ya kama. Hayaƙi shuɗi ya cika lungu, ruwa ya fara tsartuwa ta baya siriri, yadda ya kamata. Kaji suka watse. Na ɗora tafin hannuna a murfinsa, rawarsa ta shiga har kafaɗata. Wari ɗaya, ƙara ɗaya, kamar jiya na bar shi. Yaya ta ce tun da na dawo ba ta ga haƙorana ba sai ranar.

Ana haka ladan ya fara kiran azahar a masallacin da ke jikin katangarmu. Mai wayarin ya mayar da makulli baya. Inji bai mutu ba. Ya zare makullin gaba ɗaya, ya ɗaga shi sama yana kallo. Inji yana ta yi. Ya cire kan batir. Ko a jikinsa.

"Sarkin Ruwa, me ka kawo mana cikin gari?"

Dariya ta hana ni magana. Shi kuwa ya ga wani hannun ƙarfe a gefe, ya ɗauka na kashewa ne, ya ja. Ashe na sa wa inji giya ne. Farfela ta juya. Ruwan duro ya tashi sama ya sauko a kanmu, a kan shanyar Yaya, a kan wani dattijo maƙwabcinmu da ya fito da farar riga zai tafi masallaci. Ya tsaya cak yana ɗiga.

Ya ce, "Ai na riga na yi alwala, bayin Allah."

Na mayar da giyar, amma duron ya koma ƙasa da rabi, tsartuwar bayan ta fara yankewa. Nan dariya ta ƙare min. Na zare tiyon mai, na san kuma abin da ke cikin kafireto zai riƙe shi ya wuce lokacin da zai ƙone. Yaya ta juye bokitin wankinta a duron, har da kumfa. Sai na tuna makanikin can na tafki. In yana gwada inji a kan benci ba ya neman makulli, wasu wayoyi biyu yake haɗa bakinsu. Na cafko masu ƙulli bibbiyun da jiƙaƙƙen hannu na haɗa. Wuta ta fizge ni har haƙori. Inji ya yi shiru.

Na taɓa kansa. Da ɗumi, ba zafi ba.

Mai wayarin ya zauna a dakali yana matse hula. Ya daɗe yana kallon wayoyin nan biyu. Sai ya ce, "Wato shi da wutarsa yake zuwa. Mota hana ta wuta ake yi ta mutu, shi kuwa tasa ake zubar masa. Ashe babur ne babba."

Muka yi salla da jiƙaƙƙun kaya, liman yana ta kallonmu. Daga nan mai wayarin ya hau babur ɗinsa ya tafi. Bai fi awa ba ya dawo da makunnin babur mai waya huɗu da maɓallin hon. Wannan karon bai yi cika baki ba. Ya haɗa ƙaramin kwan fitila da batir, ya gwada wayoyin makunnin bibbiyu har ya gano waɗanda ke haɗuwa in an kashe. Nan ya ɗaura masu ƙulli bibbiyu, nesa da ta batir. Sitata ya ba wa maɓallin hon. Ya kafa su a guntun katako. Na sa aka sake cika duro, Yaya ta kwashe shanyarta tukuna, dattijon ya ja kujera can nesa ya zauna kallo.

Na murɗa, na danna, ya tashi. Na mayar da makulli, ya mutu. Sau biyar muka yi. Mai wayarin ya ce in ba shi zaren nan, ya ɗaure sababbin wayoyin da irin ƙullina.

Da safiyar Lahadi muka ɗora shi a a-kori-kura. Yaya ta sa makullin a igiya ta rataya min a wuya.

"Kada ka dawo min da labari, Auta. Kifi nake so."

A Tiga muka kafa shi a bayan jirgi, mutum goma sha wani abu da buhunansu suka shiga. Da muka kai tsakiyar ruwa na mayar da makulli. Shiru, sai ruwa yana dukan katako. Mai jirgin ya juyo.

"Lafiya? Ya lalace ne?"

"Lafiya lau. Ruwan nake saurare."

Na murɗa makulli, na danna maɓallin hon, inji ya tashi, muka wuce.