Bel ɗin Kantar Albasa

Har yau ban manta da ranar da aka kawo mini wata motar kaya ƙirar Kanta garejina na Jega Sabon Gari ba, cikin tsananin bazara. Albasar Malam Umaru ce a ciki, wani manomi na Jiga Birni, noman shekararsa kaf, za a kai Kudu. Direban, Bala, ya ce fambel na kuka.

Na sa sabo. Ga wanda bai san aikin ba, bel ɗin nan shi ke juya famfon da ke zagaya ruwa ya sanyaya inji. In ya yi sako-sako sai ya riƙa zamewa, in ya yi tauri ya cinye boris ɗin famfon, wato ƙwallayen ƙarfen da yake juyawa a kansu. Ana danna shi da babban yatsa a tsakiya, ya lotsa kaɗan, a ɗaure. Na yi aiki a Yamai da Kwatano da Ibadan, an yi mini tsawa da Zabarmanci da Faransanci da Yarbanci, amma ko'ina gwajin ɗaya ne.

Bala ya danna, ya yamutsa fuska. "Baba, wanga aiki na? Tsuhwa ya cinye maka ƙarhi. Ja shi ya yi ƙara kamar kalangu!"

Na ce, "Ɗana, inji za ka tuƙa ko biki za ka?"

Malam Umaru ya ce, "Ku dai taimake ni, albasa ba ta son jira."

Ashe suna fita Bala ya tsaya a tasha, aka zura ƙarfen cire taya bayan altaneta, wadda ake turawa a ɗaure bel, ƙarti biyu suka danne har bel ya zama sanda. Daf da Maiyama boris ya watse, lagireto ya tafasa. Kafin a samo wani famfon daga Sakkwato, albasa ta dahu cikin buhuna, ruwa na ɗiga ƙarƙashin mota.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Bala ya dawo yana shela wai tsoho ya sa masa bel ɗin banza, 'yan tasha na gyaɗa kai. Malam Umaru kuwa yana gefen titi yana tsintar wadda ba ta ruɓe ba.

Na gane mutanenmu sun fi yarda da aikin da aka yi da nishi a kan wanda aka yi da awo. Kuma in ya ɓaci, wanda bai taɓa riƙe sifana ba shi ke kwana da yunwa.