Gaisuwar Juma'ar da na ƙi mayarwa

Ina share tarkacen talla daga sabar imel ɗin kamfaninmu a Sokode, wato na'urar da ke ajiye saƙonninmu, sai na ga saƙo ɗaya yana ta maimaituwa: "Barka da Juma'a, Isaka." Kowane mako kalmomin ke nan, shi ya sa matatar da na saita ta ɗauke shi talla.

Isaka mai kula da sitonmu ne. Tun kwanakin zanga-zanga ba a sake ganinsa ba, direkta ya ce in rufe adireshin imel ɗinsa.

Na kira mai aikowar, yayarsa ce a Dapaong. "Yaya, ba mai karantawa fa. In na rufe adireshin, saƙon dawo miki zai riƙa yi."

Ta ce, "Na sani, ƙanena. Amma muddin saƙon bai dawo ba, gani nake Isaka yana wani gari yana murmushi."

Ban rufe ba. Yau ma saƙon ya shigo.

Da ku ne, za ku rufe?