Shebur ɗin da Aka Miƙa wa Malam Habu a Ailan

Shekara tara ke nan da rasuwar Malam Habu. Lokacin da muka zo Alkahira muna samari, in ɗan ƙasarmu ya rasu ƙafa ce ke kai labari. Wani ya hau mota, wani ya bi ɗakunan ɗalibai yana ƙwanƙwasawa, kafin la'asar an taru. Yanzu hoton mamaci ne ke yawo a waya, kowa ya rubuta addu'a daga inda yake zaune, sannan a rasa masu ɗaukar makara. Nakan tambayi kaina me Habu zai ce da ya ga haka. Ina jin takalminsa kawai zai sa.

Aikin fassara muke yi ni da shi. Ni ne mai yawo, na ga ƙasashe da dama, shi kuwa daga ɗakinsa a unguwar Arba wa Nus sai ofis. Sau ɗaya ya je Turai, wani taron masu fassara a ƙasar Ailan. Da aka tashi ya ga saura masa kwana uku, sai ya hau bas shi kaɗai ya nufi yamma, ya sauka a wani ƙaramin gari don kawai ya hango teku.

Da ya dawo, a wani gidan shayi a unguwar Ma'adi ya ba ni labari. "Alhaji, gari guda babu mai danna hon! Na ɗauka kunnena ne ya toshe." Titi ɗaya ne, in ji shi, gidaje kowanne da launin fentinsa, tumaki a kan tudu an shafa musu shuɗi a baya, ga wani yayyafi da ba ya jiƙa mutum sai ya manta da shi. Duk direban da ya wuce sai ya ɗaga masa yatsa ɗaya daga kan sitiyari. Ya yi ta duba jikinsa ko wani abu ne ya maƙale, kafin ya gane gaisuwa ce.

Yana neman masauki ya ga wani gida ƙofa a buɗe, mutane na shiga. Ya ɗauka nan ne. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya shiga da safa jiƙe, sai ga wani tsoho kwance cikin akwati a tsakiyar falo, ana shan shayi kewaye da shi. Da wani ne, da ya juya da gudu. Habu bai san yadda ake juya wa gidan makoki baya ba. Ya je gaban matar mamacin ya rusuna, ya ce mata Allah ya ba da haƙuri. Ta riƙe hannunsa ta ce, "A ina ka san mijina?" Ya ce bai san shi ba. Ta ce, "To zauna, yanzu za ka san shi." Har rana ta yi sanyi ana ba shi labarin wani masunci mai taurin kai.

Washegari ya tsaya a wajen coci har aka fito, ya bi bayan gawa. Masu kantuna suna rufe ƙofofinsu in an zo wucewa. A maƙabarta ya tarar maƙwabta ne suka haƙa kabarin da hannunsu, kuma su ne ke mayar da ƙasa, suna karɓa-karɓa. Wani dogon mutum ya juyo, ya miƙa masa shebur ba tare da ya tambaye shi ko shi waye ba.

"Kamar a garinmu, Alhaji," in ji Habu. Daga nan ya daina dariya.

Na san abin da ya tsaya masa a rai. A Masar ba rami ake haƙawa ba. Ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa, da matakala, kowane dangi da nasu. Baƙo irinmu kuwa sai ɗakunan sadaka, inda turabi, wato mai kula da maƙabarta, zai sauka da kai ya kwantar da kai kusa da waɗanda ba ka sani ba, ya rufe. Matar Habu ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa suna gida Najeriya.

Ya ce, "Abu ɗaya nake so. In na riga ka, kai za ka sauka da ni. Ka kwance min igiyar likkafani, ka juya ni gabas, ka kira sunana."

Na ce, "Kai da ko mura ba ka yi? Ni za ka binne."

"Ka dai ce ka ɗauka."

Na ce na ɗauka.

Shekara biyu bayan haka ciwon ƙirji ya kama shi. A daidai lokacin aka gayyace ni wani aiki a Indonesiya, aikin da wani ma zai iya yi. Na je duba shi, na ga yadda wuyansa ya rame, amma na tambaye shi ko in tafi, don na san amsar da zai ba ni. Ya ce, "Yalla, je ka, ba yanzu ba ne." Kwana huɗu da tafiyata ya cika. Maƙwabtansa 'yan Sudan, Allah ya saka musu, suka yi masa sutura a ranar.

Da na dawo, ɗayansu ya raka ni maƙabartar, can bayan gari cikin rairayi. Layi ne na ƙofofin ƙarfe iri ɗaya. Ya ce ko ta uku ce ko ta huɗu. Turabin ya buɗe hannuwa ya ce, "Ma'alish ya Hajj, yi haƙuri, suna da yawa." Na yi addu'a a tsakanin ƙofofin biyu. Har yau a nan nake tsayawa.

Habu bai bar littafi ba, fassarorinsa duk da sunan wasu suka fita. Ni kuma ban sake karɓar gayyatar tafiya ba. Na koyi wankan gawa da furfurata, a hannun wani dattijo a Arba wa Nus, kuma ɗalibai sun san lambar da za su kira. Gwiwoyina ba sa son matakalar, amma ina sauka. Duk lokacin da idona ya saba da duhun ɗakin, sai na duba dama da hagu, ga fararen likkafanai a jere, ban san ko yana cikinsu ba.

Yanzu in an buɗe ƙofar ƙasa don ɗan ƙasarmu a Alkahira, akwai wanda ya san sunansa a ƙarshen matakala. Habu ne bai samu ba.