Magagarin Na'Allah Makaniki

Daga Allah muke, kuma wurinSa dukkanmu muka nufa. Ranar Alhamis, tara ga Disamba 1965, tsakiyar watan Sha'aban, Allah Ya karɓi ran Malam Na'Allah, makanikin tashar Tambuwal, bayan ciwon ƙirji da ya kwantar da shi tun damina. Labarin bai iso ni nan Zangon Kumasi ba sai bayan sadakar bakwai. Tambaya, direban motar goro, shi ya kawo mini, ya tarar da ni kwance ƙarƙashin wata mota ina ɗaure mata birki. Ya tsuguna ya faɗa mini, sannan ya ce akwai saƙo daga Inna Lauratu, matar marigayi: wai kafin ya cika ya ce a nemi Dogo, wato ni, duk inda yake, a roƙe shi ya yafe masa. Tambaya zai juya gida da lodi, yana jiran amsa. Bakina bai iya ba shi ba nan take, shi ya sa na zauna na rubuta wannan, a karanta wa iyali da mutanen tasha.

Maigida, da alherinka zan fara, don shi ya fara zuwa. Lokacin da mahaifinmu ya rasu a Sanyinna, ni da ƙanena Ɗan'iya ba mu da gona ba mu da sana'a. Kai ka ɗauke mu, ba dangin iya ba na baba. Ka koya mana riƙe sifana, ka koya mana sitiyari, ka aurar da mu. Ba ka taɓa sa hannu a akushi ba sai mun wanke baƙin mai mun zauna. Direban da motarsa ta mutu a dajin Kebbe ya san in ya aiko, zai hango ka bisa keke da buhun kayan aiki, ko da kun yi faɗa jiya. Na tuna daminar da wata mata ta kasa haihuwa a Jabo, direbobi duk suka ce hanya ba ta biyuwa. Kai ka tayar da mota, muka bi ka da faranti da itace muna cike ramuka har asibiti. Wannan duka gaskiya ne, kuma zan faɗe shi gaban kowa.

Abin da ya ɗaga sunanka kuwa shi ne kan inji, wanda makanikai ke kira tof silinda. A cikinsa akwai hanyoyin da iska da mai ke shiga, hayaƙi ke fita, kuma a bayan bangonsu ruwan lagireto ke zagayawa. Kai sai ka cire tsohon kai, ka zauna gindin ɗorawa da magagari da samfefa, kana faɗaɗa hanyoyin nan kana sulɓe su, har injin ya samu numfashi. Motar da ke nishi a hawa, in ta fito hannunka sai ta riƙa gudu kamar an kore ta. Wasu kuwa sukan yi odar sabon kai daga kanti a Kano, wanda aka zubo shi da faɗinsa tun daga ƙetare, bangonsa da kauri. Tasha ta rabu biyu a kan wannan, kullum ana musu.

A kakar shekarar da aka samu mulkin kai, musun ya tashi daga baki ya hau hanya. Mai sayen gyaɗa ya ce lodin bana na motar da ta fi sauri ne. Aka shirya tsere a miƙaƙƙiyar hanyar nan da ta fita Tambuwal ta nufi Kebbe: mota biyu babu kaya, kafaɗa da kafaɗa, daga tsaye, a tashi gindin tsamiya a ƙare a kwalbati. Ɗaya ta Jumare ce, mutumin Kebbe, mai sabon kai. Ɗaya ta Alhaji Ɗanmaliki, wadda Ɗan'iya ke ja.

Alhaji ya yarda a tafi Kano a sayo sabo. Ni ma abin da na ce ke nan. Sai Jumare ya biyo ta gindin ɗorawa, ya tsaya a kanka gaban mutane.

"Na'Allah, aje magagarin ga ka tahi ka buɗe aski," in ji shi. "Zamani ya wuce ka ya bar ka da ƙura."

 Alhaji ka juya ka kalla.

"Alhaji, a bar zancen Kano. Kan ga na san shi, ya san ni. Wanda anka zuba can ƙetare bai taɓa shaƙar ƙurar Kebbe ba."

Ina so in yi maka adalci a nan. Hujjarka ba ta banza ba ce. Tsohon kai ya riga ya sha zafi ya zauna daidai bisa injinsa, sabo kuwa ba kullum yake kama tsohon inji ba, sai ya riƙa ƙone gaskit. Na ga haka da idona a nan Kumasi ba sau ɗaya ba. Kuma ka goge kai da yawa kafin wannan, babu wanda ya ba da kunya. Amma wannan karon ba don mota kake gugar ba, don Jumare kake yi. Inda ka saba tsayawa, ka wuce.

Kai ka koya mini a ƙwanƙwasa bangon da ƙaramar guduma a saurara. Na ƙwanƙwasa, na ji.

"Maigida," na ce, "wurin ga ƙarar gwangwani shikai."

"Yaushe kunnenka yab buɗe, Dogo? Ba ni nib buɗe ma shi ba?"

Ɗan'iya ya yi dariya har da riƙe ciki. "Rabu da Yaya, Maigida. Shi ko akuya tag gitta a Jabo, tun Tambuwal shika taka birki."

Na roƙe shi a keɓe ya bar wani ya ja. Ya ce in Maigida ya ce ƙarfe ya yi, to ya yi. Haka yake da kai. Ko uwarmu ba ya jin maganarta kamar taka.

Ranar tseren da hantsi, mutane sun cika gefen hanya. Aka sauke tuta. Kafin rabin hanya Ɗan'iya ya ba Jumare tazarar mota guda, yana ƙarawa. Dab da kwalbati bangon ya ɓarke, ruwa ya zuba cikin silinda, injin ya cije nan take. Ƙafafun baya suka kulle, motar ta juya gefe, ta bar hanya, ta wuntsila cikin kwari. Kai ka fara isa. Da hannuwanka ka ɗaga ƙarfe mai zafi ka jawo shi, har fatar tafinka ta saɓule. Bai kai azahar ba.

Bayan kwana uku ka kwance injin gaban mutanen tasha, ka ɗaga kan, ka sa yatsa cikin hujin, ka ce, "Aikina ne." Ba ka ɗora wa hanya ba, ba ka ɗora wa yaron ba. Uwarmu ta ce kwana ne ya ƙare, ta yafe maka tun ana zaman makoki. An gaya mini har bara, duk kaka damin geronka na farko gidan Ɗan'iya yake shiga, kuma kai ke yi wa 'yarsa Mardiya ɗinkin Salla. Na ji, na kuma rubuta.

Amma ga abin da ya fitar da ni daga gida. Mutanen tasha abu ɗaya suka riƙe daga ranar nan: motar Na'Allah ce a gaba lokacin da ta faɗi. Kafin a yi arba'in, direbobi sun yi layi gindin ɗorawa, kowa rungume da kan injinsa. Kai kuma ka ɗaure hannuwanka da tsumma ka ɗauki magagari. Na san daga nan kana barin ƙarfe da kauri, na san babu wanda ya sake fashewa. Amma ni ƙarar gugar nan nake ji daga ɗakina, safe da yamma. Na hau motar goro ban yi wa kowa sallama ba. Shekara biyar ke nan ina cin abinci da sana'ar da ka koya mini, a ƙasar da ba a san sunan ubana ba. In yaro ya zo yana son gudu, nakan ce ya sayi sabon kai, in ba shi da hali ya haƙura da tafiyar da Allah Ya ba motarsa. Ban taɓa riƙe magagari ba.

Inna Lauratu, ga amsarki. Haƙƙina a kansa shi ne ƙanena da na rasa, da maganata da aka mayar abin dariya, da garinmu da na bari. Na yafe, duniya da lahira. Ba zan ce zuciyata ta yi sanyi ba, don ba a yi wa mamaci ƙarya, amma na faɗa da bakina gaban Tambaya, kuma ba zan janye ba. Haƙƙin Ɗan'iya kuwa ba nawa ba ne, ba ni da ikon bayar da shi. Na Mardiya ma nata ne. In ta girma a gaya mata yadda aka yi, ba ragi ba ƙari, har da hujin, har da damin gero, ta yanke da kanta.

Ina yi wa Inna Lauratu ta'aziyya, da 'ya'ya da jikoki, da duk wanda ya taɓa cin tuwo a gidan nan, da mutanen tashar Tambuwal da ta Kebbe. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsare muku abin da ya bari.

Maigida, Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi, Ya auna maka da rahamarSa, ba da ma'aunina ba. Tambaya ya ce inda aka sa ka babu nisa da Ɗan'iya. Yaron bai taɓa iya yin fushi da kai ba. Allah Ya sa ku daidaita kafin in iso.

Dogo Sanyinna
Zangon Kumasi